Yadda za ka wanke kalifar birkin mota ka sa mata giris da kanka

Idan mota tana janye sitiyari gefe guda duk lokacin da aka taka birki, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, ko fad ɗin birki na ciki ya cinye alhali na waje yana nan da kaurinsa, sau da yawa kalifa ce ta ƙage, wato ƙarfen da ke rungume faifan birki yana matse fad a jikinsa. A yawancin ƙananan motoci irin su Corolla, Accord da Golf, fistan ɗaya ne a kalifar gaba, kuma ta ciki yake. In ka taka birki, fistan ya tura fad na ciki ya matse faifai, sannan jikin kalifar ya zame a kan wasu fil guda biyu ya jawo fad na waje. Da zarar giris ɗin fil ɗin nan ya bushe, ko robar da ke rufe bakinsu ta tsage ƙura da ruwa suka shiga, zamewar ta tsaya, sai fad ɗaya ya ɗauki aikin biyu. Ƙurar hunturu da ratsa ruwa lokacin damina suna gaggauta wannan, su kuma motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, da tsatsarsu suke isowa.

Kafin a taɓa sifana, a gama da maganar giris, domin nan aka fi ɓata aikin. Robobin birki ba sa shiri da duk abin da aka yi da man fetur. Baƙin giris da ake sa wa boris, man inji, fetur, kananzir, duk suna kumbura robar ta yi laushi. Ranar da aka sa, fil zai riƙa zamewa lafiya lau, mai mota ya tafi yana murna. Bayan 'yan watanni robar ta kumbura ta shaƙe fil ɗin fiye da yadda yake a da. Abin da ya dace shi ne giris na silikon wanda aka rubuta a jikinsa cewa na kalifa ne, ko jan giris na roba. Giris mai jan ƙarfe a ciki, wanda wasu ke shafawa a bayan fad, shi ma kada ya shiga ramin fil, saboda yana bushewa ya daskare. Ƙaramin kwalba ɗaya zai yi maka tayoyi huɗu har ya yi saura.

Sauran kayan aiki: jak, ƙarfen tokare mota, sifanar taya, soket mai lamba 12, 14 da 17, burushin waya, samfefa mai laushi, tsumma mai tsabta, gwangwanin feshi na wanke birki, guntun waya mai ƙarfi, da matsi mai siffar C. Wasu motocin Jamus alanki mai lamba 7 suke buƙata a fil.

Ka tsayar da motar a wuri mai daidai kuma mai tauri, ka bari birki ya huce. Ja birkin hannu, ka sa dutse ko katako a bayan tayoyin da ba za ka ɗaga ba. Sassauta notinan taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka tokare da ƙarfe. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, kuma bulo yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka buɗe ɗayan, domin in ka manta yadda wani abu ya zauna, kana da inda za ka leƙa.

Bayan ka cire taya, murɗa sitiyari yadda bayan kalifar zai fuskance ka. Za ka ga notina biyu ƙanana da suka shiga kan fil, sama da ƙasa. Kwance su. In fil yana juyawa tare da notin, riƙe shi da siririyar sifana. Zare kalifar, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a kan tiyon man birki, nauyinta yana lalata tiyon daga ciki inda ido ba ya gani. Kuma daga yanzu har ka mayar da ita, kada kowa ya taka birki, in ba haka ba fistan zai fito waje mai ya zube.

Cire fad biyun ka haɗa su ka duba, domin su ne za su gaya maka ciwon. In ɗaya ya fi ɗaya cinyewa sosai, kalifar ba ta zamewa. In fad ya cinye a karkace, gefe kauri gefe siriri, fil ɗaya ne ya ƙage. In duka biyun sun cinye da wuri fiye da na ɗaya tayar, ka zargi fistan ko tiyo. Fad da kaurinsa ya sauka zuwa milimita 3 ya gama aiki, a canza na tayoyin biyu tare.

Yanzu fil. Ja su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka lura da wanda ya fito daga sama da wanda ya fito daga ƙasa. A motoci da yawa ɗaya yana da ƙaramar roba a kansa wadda ke hana ƙara, kuma dole ya koma raminsa. Wanda ya ƙi fitowa, ka kama kansa da sifana ka riƙa murɗawa hagu da dama kana ja a hankali. Goge tsohon giris, ka fesa maganin wanki. Tsatsa kaɗan ana iya share ta da samfefa, amma fil ɗin da tsatsa ta yi wa ramuka ko ya lanƙwashe, sabo za a saya. Ramin da fil ke shiga ma yana son wanki, kuma nan ne mutane ke tsallakewa: naɗa tsumma a jikin sukundireba ka zura kana juyawa, ka fesa, ka sake, har tsumman ya fito da tsabta. Ka bari ya bushe. Duba robobin ƙura ta hanyar miƙe su a haske. Ko tsaga ɗaya ka gani, canza, domin giris mai kyau a bayan roba tsagaggiya ba zai kai damina ba.

Shafa giris siriri a jikin fil, daidai yadda zai yi sheƙi ko'ina, ban da can kan bakinsa. Cika ramin da giris kuskure ne: ramin a toshe yake ta ciki, giris mai yawa zai hana fil shiga har ƙarshe, fad ya riƙa gugar faifai. Zura fil, ka tabbata robar ta zauna a gurbinta ta ɓangarorin biyu. Ya kamata ka iya tura shi ka ja shi da yatsu biyu.

Wurin da kunnuwan fad ke zama a jikin mariƙin kalifa akwai 'yan siraran ƙarafa. Ɓalle su, ka kankare tsatsar da ke ƙarƙashinsu da burushin waya har ƙarfe ya fito. Tsatsar nan tana tura siraran ƙarafan sama su matse fad. Ya fi sauƙi in ka kwance mariƙin gaba ɗaya, notina biyu ne manya. Mayar da siraran ƙarafan, ka ɗan shafa giris kaɗan a inda kunnen fad ke taɓawa. Fad mai lafiya da hannu yake shiga, ba da guduma ba. Fuskar fad da faifai kuwa ko ɗigon giris kada ya taɓa su. In ya taɓa faifai, wanke da feshi. In ya jiƙa fad, fad ɗin ya tashi aiki. Ƙurar birki kuma ba a hure ta da baki ko da iskar famfo, saboda illa ce ga huhu, da feshi ake sauke ta.

Fistan ba a fitar da shi a wannan aikin. Goge kewayensa da tsumma, ka duba robarsa. Alamar jiƙewar mai a wurin tana nufin robar ciki ta mutu, wannan kuma gyara ne na daban. In kana sa sabon fad, buɗe murfin kofin man birki, ɗora tsohon fad a kan fistan, ka matse da matsin a hankali. Ka sa ido a kan kofin kada ya yi ambaliya, man birki yana cin fenti. A kula da kalifar baya: wadda birkin hannu ke aiki ta cikinta, murɗa fistan ɗinta ake yi yana shiga, matsa shi kai tsaye yana lalata shi. Mai birkin hannu na lantarki kuwa sai an saki ƙaramin injinsa na lantarki da na'urar kwamfuta tukuna.

Mayar da kalifar ka tabbata tiyo bai murɗe ba. A Corolla da yawa, notinan fil suna ɗaukar ɗauri kimanin Nm 34 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na mariƙi 107, na taya 103, amma littafin motarka shi ne hujja. Notin fil ƙarami ne, ɗaurin ƙarfi yana tsinke shi.

Kafin ka sa giya, taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, domin takun farko babu birki. Duba man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa, in zai buƙaci ƙari ka sa irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Gwada motar a hankali a hanyar da babu jama'a, sannan ka kusantar da hannu ga kowace taya ba tare da ka taɓa faifai ba. In har yanzu ɗaya ta fi zafi, ɗaga ta, taka birki ka saki, ka juya ta. In ta riƙe, ɗan sassauta ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin kalifar. Tayar ta saki nan take, tiyo ne ya toshe yana hana mai komawa. Ba ta saki ba, fistan ne ya ƙage, sai a gyara kalifar ko a canza ta, a kuma fitar da iska daga layin.