Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen kyamarar ɗaukar taurari

Daren da na fara kafa kyamara don in ɗauki taurari, na dawo da hotuna kusan hamsin, babu ko ɗaya mai amfani. Wasu baƙi ƙirin, wasu kuma taurarin sun kumbura sun yi hazo, kamar an shafa wa gilashi mai. Nan take na ɗora wa kyamarar laifi, har na fara lissafin sayen wata. Sai daga baya na gane cewa ban san abin da ake nema a wurin kyamara da dare ba, kuma da na sayi sabuwar, irin hotunan nan zan sake kwasowa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne bin yawan megafiksel. Da rana haske ya wadata, kowace kyamara tana samun rabonta. Da dare kuwa, magana ɗaya ce: haske nawa za ka tara kafin taurari su gusa? Abin da ke tara shi shi ne faɗin sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da faɗin bakin lensi. Sensar da ake kira full-frame tana da milimita 36 a 24, ta APS-C kuwa wajen 23.5 a 15.6, wato filinta bai kai rabin na farkon ba. Megafiksel 24 ya ishe ka. Mai 45 ko 60 za ta cika maka kati, ta kuma tona ɗan motsin taurarin da ba za ka ko lura da shi ba a ƙaramar.

Amma kada ka ce sai da full-frame. Nan ne kuskure na biyu yake, kuma shi na fi so a tsaya a kai. Mutum ya zuba duk abin da ya tara a jikin kyamara, ya ci gaba da amfani da lensin da ya zo a kwali, irin mai milimita 18-55 ɗin nan da bakinsa bai wuce f/3.5 ba. Lambar f idan ta yi ƙasa, ƙofar haske ta ƙara faɗi. Lensi mai f/2.8 yana shigar da ninki biyu na hasken f/4, mai f/2 ninki huɗu, mai f/1.4 ninki takwas. Babu sabuwar kyamarar da za ta ninka maka haske sau takwas. Don haka tsohuwar APS-C da lensi mai kyau ta fi min sabuwar full-frame da lensi mai ƙaramin baki, nesa ba kusa ba. Idan za ka gwada lensi, kar ka tsaya kallon tsakiyar hoto. Zuƙo kusurwa ka gani. A lensi da yawa taurarin gefe suna fitowa da fukafukai kamar ƙananan tsuntsaye, kuma sau da yawa rage bakin daga f/1.4 zuwa f/2 yana gyara abin.

Wasu kuma suna saye tun ba su yanke abin da za su ɗauka ba. Sama ba abu ɗaya ba ce. Farin ratsin nan mai kama da hayaƙi da ake kira Milky Way yana son lensi mai faɗi, milimita 14 zuwa 24. Wata kuwa faɗinsa rabin digiri ne kawai, a irin wannan lensin ɗigo zai zama. Yana son milimita 300 ko fiye, kuma tunda hasken rana ke dukansa, ɗan ƙiftawar ido ya ishe shi. Kaza da 'Ya'yanta da tarin taurarin da ake kira Andromeda suna fitowa da kyau a milimita 135 zuwa 200, amma sai da na'urar bin taurari, wadda ke juya kyamara a hankali tana bin tafiyarsu.

Dalilin na'urar shi ne duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Ka bar kyamara a buɗe fiye da kima, taurari su zama layi-layi. Ma'aunin da aka saba na lokacin buɗewa shi ne a raba 500 da tsawon lensi: milimita 20 ya ba da sakan 25 a full-frame, a APS-C kuma ka sake rabawa da 1.5. Ni na fi amfani da 300 a maimakon 500, domin kyamarorin yanzu suna nuna jan layin da wuri.

Kafin ka biya, ka tabbata kyamarar tana barinka ka saita komai da hannu: lokacin buɗewa, bakin lensi, ISO (ma'aunin ƙara hasken hoto), da fokas. Ta kuma iya ajiye hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don a nan ne hasken da ido bai gani ba yake ɓoye. Fokas mai saita kansa yakan ruɗe a cikin duhu, kuma alamar ∞ da ke jikin lensi ba kullum take daidai ba, abin da ya ɓata min wancan daren ke nan. Ka nemi tauraro mai haske, ka zuƙo shi sau goma a allon kyamara, ka riƙa murɗa zoben a hankali. Za ka ga ya kumbura, ya tsuke, ya sake kumbura. Inda ya fi ƙanƙanta, nan za ka tsaya, ka manne zoben da ɗan tef. Allo mai lanƙwasawa ma ba ado ba ne, wanda ya yi awa biyu a durƙushe yana leƙen sama ya san amfaninsa.

Lambobin ISO masu yawa da ake bugawa a kwali kada su ɗauke maka hankali. Yawancin aikin tsakanin 1600 da 6400 ake yin sa. Maganin ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto shi ne ɗaukar hotuna da yawa a haɗe su. Guda 16 suna rage su ninki huɗu, kuma manhajoji irin su Sequator, Siril da DeepSkyStacker kyauta ne.

Akwai kyamarorin da aka ƙera musamman don sama, kamar Canon 60Da ta 2012, Nikon D810A ta 2015 da Canon EOS Ra ta 2019. Suna barin jan hasken iskar haidirojin mai nanomita 656 ya isa sensa fiye da yadda kyamarorin yau da kullum ke bari. Suna da kyau ga mai farautar gizagizan iskar da ke tsakanin taurari, amma hotunansu na rana kan karkata zuwa ja. Mai farawa ba ya buƙatarsu.

Abin da yake buƙata, kuma aka fi mantawa a lissafi, shi ne matsayi mai ƙafa uku mai ƙarfi wanda iska ba ta girgizawa. Ka kashe na'urar hana girgiza idan ka ɗora kyamarar a kansa, ka sa jinkirin sakan biyu don taɓawar yatsanka kada ta shiga hoton. Ka riƙe batir na biyu a aljihu, sanyi yana shanye caji da sauri, ka kuma riƙa duba gaban lensi saboda raɓa.

Kada ka yanke wa kyamara hukunci a tsakiyar gari ko a daren da wata ya cika. Ma'aunin Bortle ya kasa duhun sama gida tara, 1 mafi duhu, 9 tsakiyar birni, inda Milky Way ba ta ganuwa sam. Ka jira ƙarshen watan sama ko farkon tsayuwarsa, ka yi nesa da fitilu, ka saita milimita 18, f/3.5, ISO 3200, sakan 15 a kyamarar da ke hannunka yanzu. Abin da ya fito a wannan hoton shi zai nuna maka ko lensi ya kamata ka saya, ko matsayi, ko na'urar bin taurari.