Yadda ake zana fostar fim a kan buhun fulawa

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990, duk mai talabijin da na'urar kaset ɗin bidiyo da janareta a Ghana yana iya buɗe gidan kallo, ko ya ɗora kayan a mota ya zaga ƙauyuka. Kaset ɗin suna zuwa daga Amurka, Indiya, Hong Kong, daga baya Najeriya, amma ba sa zuwa da babbar fosta, ga buga mai launi da tsada. Shi ya sa aka nemi masu rubuta allon shago, su kuma suka ɗinke buhunan fulawa suka zana a kai. Joe Mensah, Leonardo da Heavy J suna cikin waɗanda suka yi suna da wannan aiki. Wajen shekarar 2000 faifan bidiyo ya shiga gidaje, injin buga manyan hotuna ya yi araha, kasuwar ta faɗi. Yau masu tara kayan zane daga Turai da Amurka ne suka fi saye. A Kumasi dai rubutun allo da hannu yana nan, shagon Kwame Akoto, Almighty God Art Works, a unguwar Suame shaida ne. Wanda ya iya fostar buhu zai iya allon mai aski ko na mai waakye, wato shinkafa da wake, a unguwannin Aboabo da Asawase, aikin duk ɗaya ne.

Nemi buhun yadi mai cin kilo 50 wurin masu gasa burodi. Na leda ba ya riƙe fenti, kada ka ɓata lokacinka. Warware ɗinkin, ka kakkaɓe, ka jiƙa shi ya kwana, ka wanke da sabulu har ruwan ya daina fari. Garin da ya maƙale a saƙar shi ke jawo funfuna da kyankyaso da ɓera. Wankin kuma yana sa yadin ya gama tsukewa tun kafin a yi masa fenti. Idan ka tsallake shi, ranar da ruwan sama ya taɓa fostar za ta motse ta tattare. Kai wa tela buhu biyu ya haɗa, ya kwantar da ɗinkin, ya naɗe gefe. Za ka samu kusan mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya da rabi a tsayi. A sama a bar aljihun da sanda za ta shiga. Ka goge shi da dutsen guga, sannan ka juya tambarin kamfanin fulawar baya, don tawadarsa tana iya ɓullowa ta cikin farin fenti.

Kafe yadin a kan falankin katako da ƙananan ƙusoshi, tazarar kamar santimita 10. Fara daga tsakiyar kowane gefe, kana ja kana matsawa kusurwa. Wanda ya fara da kusurwa zai ga tsakiya ta yi ciki.

A shafen farko ake gane gwani. Dama farin gam na kafinta, kashi ɗaya da ruwa kashi biyu ko uku, ka shafe yadin duka, ya bushe. Sai farin fentin ruwa na bango sau biyu, na farko a kwance, na biyu a tsaye, kowanne siriri. Tsakaninsu ka bi da takardar yashi mai laushi. Dalili kuwa shi ne fentin mai da za ka yi zanen da shi yana cin auduga: idan ya taɓa zaren kai tsaye, man zai tsotse ciki, launin ya mutu, bayan 'yan shekaru yadin ya ruɓe ya riƙa yagewa. Idan kuma shafen ya yi kauri, da zarar an naɗe zai tsattsage. Ɗaga yadin ga rana ka duba. In kana ganin ƙananan huji na haske, ƙara shafe ɗaya.

Don fitar da hoton da za ka kwaikwaya, buga shi a takarda mai santimita 10 da 15, ka ja masa layuka murabba'i na santimita ɗaya-ɗaya. A kan yadin ka ja na santimita goma-goma, sai ka kwafe gida bayan gida da fensir mara duhu. Gawayi yana gauraya da fenti ya dushe fuska, in ka yi amfani da shi ka kaɗe shi tukuna. Fuska ɗaya babba, wadda ta cinye kusan rabin fili, ta fi ƙanana biyar jan ido daga cikin trotro, wato ƙaramar bas ta haya. Masu zane na wancan zamani sukan ƙara jini da makamin da ma babu a fim ɗin don a sayi tikiti. Wannan ya rage naka, amma fuskar jarumi dole a gane ta.

Fentin mai na gwangwani da kafintoci ke amfani da shi ya isa: ja, rawaya, shuɗi, baƙi, fari. Sirka shi da turfentin kaɗan, kananzir yana jinkirta bushewa. Fara da bayan hoton, sannan inuwa, sannan launin fata, haske a ƙarshe. Kada ka duhunta fata da baƙi zalla, za ta koma toka-toka. Haɗa ja da rawaya da ɗigon shuɗi. Bar kowane shafe ya kwana. Da damina ba shi kwana biyu, da hunturu kuma ka jingina allon fuskarsa na kallon bango, in ba haka ba ƙura za ta manne. Yi aikin inda iska ke ratsawa, tsummokaran mai kuma ka baza su su bushe, don in an tara su wuri ɗaya suna iya kamawa da wuta.

Rubutu ne ke tona asirin ɗan koyo. Masu allo suna lissafin inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, wato harafin inci shida ana karanta shi sarai daga ƙafa sittin. Ja layi biyu, sama da ƙasa. Ƙirga haruffan sunan har da gurbin da ke tsakanin kalmomi, ka nemo na tsakiya, ka ɗora shi a tsakiyar yadin, ka rubuta zuwa dama sannan zuwa hagu. Haka ba za ka matse haruffan ƙarshe ba. Tazarar haruffa da ido ake auna ta: A da V a matso da su, H da I a buɗa. In da Hausa kake rubutu, bar wa lanƙwasar Ƙ, Ɗ da Ɓ wuri, ka kuma kaurara ta, don daga nesa tana ɓacewa. Rawaya ko fari a kan duhu, da baƙin layi a gefe, ya fi fita. Ja a kan shuɗi yana rawa a ido. A ƙasa ka bar fili kamar santimita 15 inda za a liƙa takardar rana da wuri da kuɗin shiga.

Bayan mako guda ka cire ƙusoshin. Kada ka ninke fostar, layin ninki ne ke fara ɓarewa. Naɗe ta a jikin bututun roba mai faɗin inci biyu ko fiye, fentin yana waje, ka ajiye ta a sama nesa da damshin siminti.