Yadda Ake Tsara Shugabancin Ƙungiyar Masu Wasan Kwikwiyo

A biranen Amurka da Turai akwai manya da ke haɗuwa, su sa abin rufe fuska mai siffar kan kare, su yi wasan kwaikwayon kwikwiyo da mai kula da shi. Idan mutane suka yi yawa, dole a tsara.

1. A fara da shekaru. Sai wanda ya kai 18, kuma a duba katin shaida a bakin ƙofa, kowa da kowa. Idan a mashaya ake taron a Amurka, galibi 21 ne.

2. A rubuta dokokin yarda. Nan ne aikin yake. Ba a taɓa mutum ko abin wuyansa sai da izininsa, ba a ɗaukar hoto sai ya amince. Tunda wanda ke cikin wasa yakan daina magana, a tsayar da alamar hannu mai nufin "dakata", a sa masu sa ido sanye da riga mai launi daban.

3. A zaɓi shugaba, sakatare da ma'aji, da wa'adi. Wanda ake kira jagoran garke a wasa ba shi ne shugaban ƙungiya ba. Haɗa biyun kan jawo rigima.

4. Kuɗi a asusun ƙungiya, sa hannun mutum biyu. A Amurka ana iya neman a yafe wa ƙungiya haraji ƙarƙashin sashe na 501(c)(7) na dokar haraji ta tarayya, wanda ya shafi kulob ɗin nishaɗi.

5. Koke ya tafi wajen mutum uku, a cire abokin wanda ake ƙara. Sunayen mambobi kuwa sakatare kaɗai ke riƙe su.