Kukan kyanwa da tsakar dare

Assalamu alaikum. Maƙwabciyata a Tudun Wada ta kusa korar kyanwarta, wai tana kuka da tsakar dare kamar jinjiri, aljanu ne. Haba Hajiya, miji take nema! Da kyanwa ta kai kamar wata 6 sai ta fara birgima tana ɗaga bayanta, abin kuma yakan dawo bayan mako 2 ko 3 muddin ba ta ɗauki ciki ba. Likitan dabbobi zai iya yi mata aikin hana haihuwa kowa ya huta.

Abin tsoro shi ne muzuru ya riƙa tsugunawa yana nishi, fitsari ya ƙi fita. Wannan kam a kai shi asibiti a ranar. Kada a ba shi Panadol, guba ne ga kyanwa.