Yadda Ake Dasa Reshen Ɓaure a Tukunya a Cikin Gida

Duk wanda ya girma a ƙasar Damagaram ya san yadda ake samun ceɗiya ko durumi a ƙofar gida: idan damina ta zauna sai a saro reshe mai kauri, a kafa shi a ƙasa, a kewaye shi da ƙaya, bayan ƴan watanni ya kama. Ɓauren lambu, wanda Larabawa ke kira tin, wanda kuma sura ta 95 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa, dangin waɗannan itatuwa ne, shi ma ta reshe ake yaɗa shi. Sai dai reshensa siriri ne, ba ya jure rana da busasshiyar iska kafin ya yi saiwa, shi ya sa ake fara renonsa a tukunya a cikin inuwa. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibai yadda ake yin haka.

Ba ɓauren daji ake nufi ba, wato babban icen nan da ke tsirowa a bakin fadama. Na lambu ƙaramin ice ne mai ganye mai kaushi da ya rarrabu gida uku ko biyar, kuma ana nomansa a lambunan ƙasar Abzin. Ba a shuka ƙwayarsa, domin abin da ya tsiro daga ƙwaya ba lalle ne ya ɗauko halin uwarsa ba, alhali reshe yana ba da ƴaƴa iri ɗaya da na icen da aka yanko shi. Saboda haka kada ku karɓi reshe sai daga icen da kuka ga ƴaƴansa, in da hali ma kun ɗanɗana su.

Lokaci biyu ne suka dace da wannan aiki a wurinmu. Na farko shi ne watan Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da icen ya kaɗe ganye yana hutawa. Na biyu shi ne watan Yuli, bayan ruwa ya sauka iska ta yi laima. Ga mai koyo na biyun ya fi sauƙi, domin dashen hunturu yana cin karo da bazara tun yana ɗanye. Watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, a bar su su wuce.

A zaɓi reshen bara, wanda ɓawonsa ya riga ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, mai kaurin ƙaramin yatsa. Kore shar mai taushi yakan ruɓe, tsoho tukuf kuma yakan daɗe bai yi saiwa ba. Da sassafe za a yanka, da wuƙa mai kaifi wadda aka wanke. Tsawon kowane yanki ɗani ɗaya ne, wato santimita 20 zuwa 25, kuma ya kasance yana da gaɓa uku ko huɗu. A kowace gaɓa akwai ɗan ido a saman tabon da ganye ya bari, daga nan toho ke fitowa, saiwa kuma ta fi yawan fitowa a kusa da gaɓoɓin da aka binne. A yanke gindin a miƙe, dab da ƙasan gaɓa, a yanke saman a karkace, domin a iya bambanta kai da gindi, gama reshen da aka dasa a juye ba ya yin kirki. Idan akwai ganye a cire su duka, domin ganye yana zuƙe ruwan reshen da bai da saiwar da zai mayar da shi.

Wurin yankan zai fitar da wani farin ruwa mai danƙo. Wannan ruwa yana sa ƙaiƙayi, yana iya ƙona fata idan rana ta buge wurin, saboda haka a wanke hannu da sabulu, kuma kada a bar yara su kai shi ido. A ajiye yankan a inuwa har ruwan ya tsane. Idan daga nesa za a kawo su, kamar daga lambunan Mirriya ko Gidimuni, a naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma.

Tukunyar ƙasa, irin wadda maginan Mirriya ke yi, ta fi komai, domin tana sanyaya abin da ke cikinta. Ba sai sabuwa ba, tsohon tulu da ya tsage ma ya isa. Idan babu, a yanke jarka ko tsohon bokiti mai zurfin ɗani ɗaya ko fiye. Ko wanne aka samu, dole a huda gindinsa wuri huɗu ko biyar, na roba da ƙusa mai zafi, sa'an nan a shimfiɗa tsingaro a ƙasa don kada hujin ya toshe. A cika da haɗin tiya biyu na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da tiya ɗaya na takin da ya ruɓe har ya koma baƙar ƙasa, da ɗan dakakken gawayi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona reshe, yana kuma jawo gara. Laka tana riƙe ruwa fiye da kima. A guji ƙasar da aka noma tumatir ko kuɓewa aka ga saiwarsu ta yi ƙulli-ƙulli, domin ƴan tsutsotsin da ke haddasa wannan cuta suna son saiwar ɓaure ƙwarai.

A jiƙa haɗin tukuna, a huda rami da kara, a sa reshen ta yadda gaɓa biyu ko uku za su nutse, ido ɗaya ko biyu su rage a waje, sa'an nan a danne ƙasar da yatsu. A ɗora tukunyar a kan duwatsu ko bulo saboda gara, a wuri mai haske amma ba a rana ba, kamar ƙarƙashin rumfa ko gindin dogon yaro, inda awaki ba su kaiwa. A lokacin hunturu a yanke gindin gorar roba a kifa ta a kan reshen, a bar bakin a buɗe, domin ta tsare masa laima. Idan rana ta buge gorar nan, cikinta zai yi zafi har ya dafa tohon. Da yake ba kowane yanki ke kamawa ba, a dasa huɗu ko biyar a lokaci guda.

A wajen ban ruwa ne mutane da yawa ke asarar dashensu, kuma yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kisa. Reshen da bai yi saiwa ba, ba ya shan ruwa sosai, danshi kawai yake bukata, kamar na tsumman da aka wanke aka matse. Kafin a zuba ruwa a nutsa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan an ji sanyi da laima, a bari sai gobe. Idan an ji ta bushe, a zuba moɗa ɗaya a hankali ta gefen tukunya. A garin da ruwan famfo ke wuya kamar namu wannan abin farin ciki ne, amma kada a yi amfani da ruwan wanki, saboda sabulun da ke cikinsa. Da damina, idan ana ruwa kwana da kwanaki, a ja tukunyar ƙarƙashin rufi.

Bayan mako biyu ko uku idon zai kumbura, ya tsage, ɗan ganye kore mai gashi-gashi ya leƙo. A nan ne mai gida yakan ce ya kama, ya fitar da tukunya rana, ya ƙara ruwa, bayan ƴan kwanaki ganyen ya yi yaushi ya faɗi. Ganyen farko daga abincin da ke ajiye cikin reshen yake fitowa, sau da yawa tun babu saiwa ko ɗaya. Saiwa tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, a lokacin sanyi ma fiye da haka. Kada a tumɓuke reshen don a duba, domin sabuwar saiwa fara ce mai saurin karyewa. Alamar da za a dogara da ita ita ce tohon ya ci gaba da tsawo yana ƙara ganye na uku da na huɗu, ko a ga farar saiwa ta leƙo ta hujin tukunya. Wanda gindinsa ya yi baƙi, ɓawon yana saluɓewa idan an taɓa, ya ruɓe, sai a cire shi a zubar da ƙasar.

Idan saiwa ta tabbata, a cire gorar, a fara saba masa da hantsi kaɗan-kaɗan har mako biyu. Bayan wata biyu ko uku a mayar da shi babban mazubi mai cin lita 20 ko fiye, ko ramin da zurfinsa da faɗinsa suka kai kamu ɗaya, tare da ƙasar da ke jikin saiwarsa. Da yamma ake wannan dashe, a ba shi ruwa sosai. Saiwar ɓaure tana yaɗuwa nesa tana neman laima, saboda haka ramin ya yi nisan kamar mita 5 daga katanga da salga. Ƴaƴan da ya fara fitarwa tun yana ƙarami a tsinke su don ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa. Wanda aka kula da shi yakan fara ba da ƴaƴan ci a shekara ta biyu ko ta uku.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta ranar da ya yi dashe a jikin tukunyarsa da gawayi ko alli, ya kuma rubuta a littafinsa ranar da ido ya tsage da ranar da ya ga saiwa, domin a lissafa kwanakin da ke tsakaninsu a aji.