Yadda Ake Kula da Tayoyin Babbar Motar da Ke Daɗewa a Ajiye

Mota mai ɗakin kwana a ciki, ko bas ɗin iyali da ba a tayar da ita sai lokacin sallah ko biki, tayoyinta ba tafiya ke cinye su ba, zama ne da rana da ƙarancin iska. Sau da yawa za ka ga taya a unguwar Asawase ko Aboabo da ke Kumasi a Ghana zanenta kamar sabuwa, amma gefenta duk ya tsattsage.

Da farko, duba shekarun tayar. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar tana buƙatar ƙwararre ya riƙa duba ta kowace shekara, wadda ta kai goma kuwa a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Wannan lamba ita ce abin da ya kamata mai sayen tayar gwanjo a Suame Magazine, cibiyar makanikai da kayan gyaran mota ta Kumasi, ya fara nema kafin a shiga ciniki.

Na biyu, auna iska da safe kafin motar ta motsa, domin tafiya tana ɗumama taya, awon ya hau ya yaudare ka. Bi adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba, kuma kada ka yarda da bugun taya da ƙarfe da wasu masu faci ke yi suna sauraren ƙara. Idan tayoyin baya biyu-biyu ne, ta cikin ce ake mantawa da ita, kuma idan ta sace, ta wajen ce ke ɗaukar nauyin duka har ta yi zafi ta fashe, wataƙila a hanyar Techiman zuwa Kintampo inda taimako ke da nisa. Safaya ma a auna ta.

Na uku shi ne wurin ajiya. Sauke kaya masu nauyi, ka ajiye motar a inuwa ko ka rufe tayoyin da tampol, ka shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashinsu idan ƙasar tana riƙe ruwa da damina. Duk wata ka fita da motar ta ɗan zagaya, don kada gefe guda na tayoyin ya baje. Wanki kuwa ruwa da sabulu sun isa. Man gas ko baƙin mai da ake shafawa don sheƙi roba yake ci.

Kafin doguwar tafiya zuwa Tamale ko Bawku, shafa hannu a kan zanen. Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, kai wa bakanike ya daidaita ƙafafun, idan kuma zurfin zanen ya sauka zuwa milimita 1.6 ko ka ga kumburi a gefe, canza tayar kafin ka loda kaya.