Yadda ake samun noter ko lauya don rubuta wasiyya a Damagaram

Shekara uku ke nan da rasuwar baffana, amma har yau zancen shagonsa na Kasuwar Dole bai kwanta ba a gidanmu. Babban ɗansa ya riga shi rasuwa, ya bar yara huɗu. Baffa ya taɓa gaya wa aminansa biyu cewa shagon na marayun ne. Ranar rabon gado malam ya nemi shaida. Amini ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuma ya ce, tsakaninsa da Allah, bai tuna ko "na ba su" Alhaji ya ce ko "zan ba su" ba. Jika kuwa ba ya cin gadon kakansa muddin akwai ɗa namiji da rai. Haka yaran nan suka tashi hannu Rabbana, uwarsu na share hawaye da bakin mayafi. Da takarda ɗaya ta raba wannan gardama.

Da yawanmu na ganin rubuta wasiyya kamar kiran ajali ne. Alhali hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ga yadda za ka bi, ko ke ƴar'uwa, don zinariyarki da tumakinki da kuɗin adashinki su ma dukiya ce.

Fara da malam, kafin ofis

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, a yi asarar kuɗi. A Nijar, dokar tsarin kotuna mai lamba 2018-37 ta 1 ga Yunin 2018 ta bar maganar gado da kyauta da wasiyya a hannun al'adar masu shari'a, shi ya sa alƙali ke zama da masu taya shi waɗanda suka san al'ada. A Damagaram kuwa al'adar gado ita ce fiƙihun Malikiyya. Ke nan ko hatimi goma aka buga wa takardarka, in ta saɓa wa ƙa'idar gado, magada na iya kai ta jistis, wato kotu, a rushe abin da ya saɓa.

Ka sami malamin da ya san ilimin gado da gaske, irin wanda ake kira in za a yi rabo a unguwa, ka zayyana masa iyalinka kaf: mata, ƴaƴa, iyaye in suna raye, ƴan'uwa. Zai tuna maka abu uku. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun amince. Sannan ba a fitar da ita sai an gama hidimar jana'iza an biya bashi. Rabon mata da ƴaƴa da iyaye da ƴan'uwa kuwa Suratun Nisa'i ta riga ta yanke shi, a aya ta 11 da ta 12 da ta 176, babu alƙalamin da zai ƙara wa ɗan amarya ya rage wa ɗan uwargida.

To me ya saura a rubuta? Da yawa. Bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Ajiyar mutane da ke hannunka, irin buhunan gero na wani ɗan Mirya da ke cikin sitonka ba wanda ya sani. Jarin da kuka haɗa da abokin kasuwanci. Wanda ka amince ya riƙe dukiyar ƙananan yaranka. Sai sulusin nan, wanda za ka iya bai wa jikoki marayu, agola, ɗan riƙo, tsohon baranka, ko a haƙa rijiya da shi.

In kuma nufinka ka ba wani ɗa gida tun kana raye, wannan kyauta ce, hukuncinta daban. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa, mai kyautar yana da rai da lafiya. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali ana lissafa ta ne kamar wasiyya.

Haɗa takardunka

Buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. Da muka buɗe na baffa, mun tarar gara ta cinye rabin takardar wani fili, lambar filin ma ba ta karantuwa. Ka ware katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, takardar aure in akwai, takardar fili ta meri (ofishin magajin gari) ko babbar takardar mallaka ta titir fonsiye, kart giriz, wato takardar rajistar mota ko babur, da lambobin asusun banki. Gonar ƙauye da ba ta da takarda, nemi hukumar filaye ta Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa, ta ba ka shaidar mallaka. Yi fotokofin komai.

Wa za ka nema?

A nan mutane ke rikicewa, don a Najeriya lauya ake dosa kai tsaye. Tsarinmu irin na Faransa ne, aikin ya rabu. Noter shi ne jami'in da gwamnati ta naɗa, ya yi rantsuwa, don rubuta takardun da kotu ke karɓa a matsayin tabbatattu. Shi ne mutuminka. Lauya, wanda muke kira aboka, aikinsa shawara da tsaya wa mutum a gaban alƙali. Ka neme shi in dukiyarka na cikin rigima tun yanzu, ko kana da gida a Kano da kaya a Kwatano, ko kana hangen wani magaji ba zai bar maganar ta wuce lafiya ba. Akasarin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan, amma suna zuwa shari'a Damagaram tun da akwai kotun ɗaukaka ƙara, kuma ana iya fara magana ta tarho. Wisiye kuwa, wani jami'in shari'ar, nasa kai sammaci da zartar da hukunci, ba wasiyya ba.

Hanya mafi tsabta ita ce ka je babbar kotun Damagaram, ofishin girefiye, wato magatakardan kotu, ka tambayi sunayen noter da ke aiki a yankin. Za ka iya tabbatar da suna ta ƙungiyar noter ta ƙasa, lauya kuma ta ƙungiyar lauyoyin Nijar. In a Magariya ko Tanut ko Gure kake, fara da girefiyen kotun garinku, zai nuna maka inda za ka dosa. Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa talakawa a harkar shari'a.

Abin da nake roƙonka shi ne ka kiyayi ƴan tsakiya. Za ka iske mai jaka a hammata a bakin jistis ya ce ya san kowa, kawo kuɗi jika kaza ya gama maka. Masu rubuta wasiƙa a gindin bishiya suna da amfaninsu, amma ba a wannan ba. Shiga ofishin da ƙafarka, ka ga allon suna a ƙofa, ka zauna da noter ɗin kansa ba magatakardansa kaɗai ba.

Zaman farko

Je kai kaɗai, ko da wanda ba shi da rabo a dukiyar. In ɗan da kake ji da shi ne ya ɗauko ka a babur ya zauna kusa da kai, gobe ƴan'ubansa za su ce shi ya tsara maka. Gaya wa noter tun farko cewa bisa Musulunci kake son a raba gadonka, a kuma rubuta haka ƙarara. Nuna masa abin da kuka tsayar da malam. Tambaye shi kuɗin aikin gaba ɗaya, har da tambur da rajista, kafin a soma, ka karɓi rasiti a kan duk abin da ka biya. In ka ga yana gaggawa, ko bai damu da zancen sulusi ba, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Dokar farar hula ta yarda mutum ya rubuta wasiyyarsa da hannunsa daga farko har ƙarshe, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ba ta cin ko dala. Amma ni ban ba da shawarar a tsaya nan ba, don malaman Malikiyya ba sa zartar da wasiyyar da aka tsinta a rubuce in mai ita bai kafa shaidu a kanta ba. Ga kuma ɓata, ga gara, ga hannun da zai iya yage ta daren rasuwa.

Ranar sa hannu

Zo da shaidu adilai, baligai, waɗanda ba magada ba kuma ba a yi musu wasiyyar komai ba. Zaɓi waɗanda suka gaza ka a shekaru, darasin da shagon baffa ya koya mana ke nan. Da Faransanci za a rubuta takardar, saboda haka in ba ka ji sosai, ka dage a fassara maka ita da Hausa layi bayan layi. Duba sunaye, don Mamman da Mahamadu a takarda mutum biyu ne. Duba lambar kowane fili. In tsufa ya kama ka ko kana jinya, karɓo takardar likita da ke nuna hankalinka garau yake, a haɗa da dosiyen.

Noter zai riƙe asalin takardar a ofishinsa. Ka sanar da mutum biyu amintattu ofishin da take, ko da ba ka faɗa musu abin da ke ciki ba, don in dangi suka yi zaman iyali aka raba gado ba a san da ita ba, dawo da dukiya daga hannun mutane aiki ne ja.

Sabunta ta

Muddin kana raye da hankalinka, kana da ikon canza wasiyya ko soke ta, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Ka koma wurin noter in ka ƙara aure ko kun rabu, in an yi maka haihuwa, in ka sayar da filin da ka ambata, in ka biya bashin da ka rubuta, ko wanda ka ba riƙon yara ya rasu. Lura da cewa ranar mutuwa ake duba wane ne magaji, ba ranar rubutu ba: ƙanen da ka yi wa wasiyya kana da ɗa namiji zai iya zama magaji in ɗan ya riga ka tafiya. Kada ka goge ko ka ƙara layi da biro a kan kofin da ke hannunka. A rubuta sabuwa da sabon kwanan wata, a faɗa a cikinta cewa ta soke duk wadda ta gabata, ka kuma sanar da mutanen nan biyu cewa an yi sabuwa.